SARAUNIYA A BAKI, ZABIYA A BAYAN RUMFA

Ya ku 'yan'uwa na rassanmu na Dogondutsi da Matankari da Dankasari da Sukukutan, da na Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa,

Ina da magana, maganar kuwa ba ta da daɗi. Na so in bar kaza cikin gashinta, amma na yi kwana da kwanaki ina juyi bisa tabarma, na ga in na yi shiru to ni ma ina cikin masu laifi. Ni ba kowa ba ne. Ƙaramin mushe ne ni a lakwal ta ƙauye, aikina alli da allo. Sai dai alli ya koya mani abu guda: in lissafi ya ƙi fita, ba a share allo a tafi gida, sai an koma an nemo inda aka ɓata. To, na yi wani lissafi ya ƙi fita, shi ne na kawo maku.

Bana, bayan an gama girbi an sa hatsi a rumbu, aka yi babban wasan kiɗa da waƙa a wani gari na ƙasarmu ta Arewa. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin in na faɗa sai sauran garuruwa su ce ai ba da su ake ba, alhali kuwa duk kanwar ja ce. Kwamitin wasa ya sa ni cikin masu riƙe takarda, wai don hannuna ya iya rubutu. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Gani ya kori ji.

Da hantsi sai ga amalanke ta shigo da mata 11 daga wani ƙauye. Tun bayan sallar asuba suka taso. Shugabarsu zabiya ce dattijuwa, ta isa ta haifi uwata. Sauran 'yan amshinta ne da masu kiɗan ƙwarya, da maguɗiya guda. Sun zo da ƙorensu ƙunshe cikin zane kamar jarirai, kowace ta sa anko, ta sha lalle. Aka nuna masu wuri a bayan rumfar manya, kusa da injin wuta, inda hayaƙi ke tashi. Babu tabarma sai wadda suka zo da ita. Ruwan leda da lemu suna ta wucewa ta gabansu zuwa cikin rumfa, ba wanda ya ce masu ga naku.

Aka buɗe wasa da jawabai. Manya suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina ƙidaya a gefen takarda, sau 7 aka ambaci sunan Sarauniyar Lugu kafin la'asar. Kowa ya riƙe abin magana sai ya ce mu jikokin Sarauniya ne, matan Arewa sun fi na ko'ina, a tafa. Aka tafa. Sa'an nan makaɗan 'yan kokawa suka shiga, bayansu masu goge da gurmi, bayansu 'yan gita da aka ɗauko daga Yamai cikin mota mai sanyi. Bayan isha'i aka sa waɗansu samari, faifai na waƙa su suna motsa baki. Mata dai suna bayan rumfa. Ba a kira su ba sai ƙarfe ɗaya na dare ya gota, lokacin manya sun daɗe da tafiya, matan gari sun koma gida da goyonsu, ba wanda ya rage a fili sai samari, waɗansunsu ma ba cikin hankalinsu suke ba.

Suka kife ƙore, suka fara. Mai shela ya ƙi sakin abin magana, yana ta katse waƙa yana gaishe da manyan da ba su nan. Ba a yi minti goma ba man injin ya ƙare, fili ya yi duhu. Kai jama'a! Na zaci za su tashi. Tsohuwar nan ba ta ko tsaya ba. Ta ci gaba da muryarta ta Allah, cikin duhu, ƙwarya na amsawa. Ta bi sarakunan Arewa ɗaya ɗaya tun daga Akazama. Ta kira sunayen rijiyoyi da garuruwan da aka tashi aka bari. Ta faɗi shekarun yunwa da sunayensu, da inda mutane suka gudu, da waɗanda suka tsaya suka ci ganye suka riƙe gari. Samarin nan masu ihu suka yi tsit. Ni da ke koya wa yara tarihi, wallahi rabin abin da ta faɗa ban taɓa jin sa ba.

Yanzu ga lissafin. Da safe aka raba kuɗi, takarda na hannuna. 'Yan gita na Yamai jika 300, ban da masauki da abinci da man mota. Mata 11, jika 10. Mai amalanke ya karɓi jika 4 na zuwa da komawa. Saura jika 6. Ku raba jika 6 gida 11, ku da kuka yi lakwal. Dala 109 kowace. Yini guda da kwana guda cikin hayaƙi, an bar gida, an bar yara, an bi hanya a wannan hali na rashin tsaro da kowa ya sani, a kan dala 109. Kuɗin liƙi ɗan kaɗan da samari suka zuba kuwa, yaran mai shela suka tsince shi cikin duhu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Na je wurin shugaban kwamiti, na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, lissafin nan bai fita ba. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, Mushe, kai yaro ne, su mata ai don sha'awa suke yi, ba sana'arsu ba ce. Na ce, ranka ya daɗe, shekara nawa take waƙa? Ya ce tun yana yaro yake jin ta a bukukuwa. To, wace irin sha'awa ce ake yi shekara arba'in?

Amma abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne. Da na kai masu kuɗin ina jin kunya, tsohuwa ta karɓa ba ta ko ƙirga ba, ta miƙa wa wata. Sa'an nan ta dube ni ta ce, ɗana, kai ne mai takarda? Na ce ni ne, Inna. Ta ce, ka rubuta sunana? Na duba. 'Yan gita kowa da sunansa, har da mai ɗaukar kaya. Makaɗan maza kowa da sunansa da na garinsu. A layinsu kuwa kalma biyu ce rak: rukunin mata. Kuma da hannuna na rubuta ta. Haka aka faɗa mani, haka na rubuta, ban tambaya ba. Wannan laifi nawa ne, na ɗauka.

SARAUNIYA TA ZAMA GISHIRIN JAWABI

Bari mu koma ga Sarauniyar da ake ta kirari da ita. A watan Afrilu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu da suka bar gawawwaki da toka duk inda suka bi, ta iso ƙasar Arewa. Garuruwa da yawa suka watse, waɗansu suka kai gaisuwa. Lugu ta tsaya ta yi faɗa, a ƙarƙashin mace, Sarauniya Mangu. An ƙone garin, amma ba a kama ta ba. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta yi a Birnin Ƙonni, kafin watan Yuli ya ƙare kuma sojojinsu da kansu suka harbe hafsoshin biyu can gabas. Wannan kowa ya sani yanzu. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1987. An sa sunanta ga makarantu da gidan rediyo.

To, ina tambaya. Daga 1899 zuwa 1980 shekara 81 ke nan. Cikin waɗannan shekaru, wa ya riƙe labarin? Littafin lakwal na Nasara bai koya wa kowa jaruntakar Lugu ba. Labarin ya rayu ne a bakin mutane, wurin tsofaffi da maroƙa da makaɗa, kuma rabin bakin nan na mata ne, masu faɗa wa jikoki da dare, masu rerawa bisa dutsen niƙa da wurin buki. Mun karɓi labarin daga hannunsu, mun sa shi cikin jawabi, su kuma mun tura su bayan rumfa. Mun fi son Sarauniya da ta mutu, domin ita ba ta shan ruwa, ba ta neman kujera, ba ta tambayar ina sunanta a takarda.

Nasara ma ya fi mu sanin ƙarfin mace in ta tara jama'a da kiɗa. A 1925, a maƙwabciyarmu ƙasar Kurfai, wata mace mai suna Shibo ta tashi da abin da ake kira Hauka ko Babule, samari da 'yan mata suka bi ta, suna kwaikwayon sojan Nasara da kwamandansa, suna ƙin bin sarakunan da ya naɗa. Kwamandan bai ce don sha'awa suke yi ba. Kama su ya yi ya kulle. Ba ina kiran kowa ga bori ba, kada a juya mani magana. Abin da nake cewa shi ne mai mulkin mallaka ya ɗauki wasan matan nan da nauyi har ya ji tsoronsa, mu 'ya'yan ƙasa kuwa ko kujera ba mu ba shi ba.

Sa'an nan mu dubi kanmu, mu masu taro da tuta. A 1956 dokar da ta ba kowane baligi ƙuri'a ta shigo Nijar, mata suka samu ƙuri'a, shekara 20 kafin 'yan'uwansu na arewacin Najeriya, waɗanda sai 1976 aka ba su. Daga ranar nan kowace jam'iyya ta gane hanyar gidan zabiya da gidan magajiya. RDA ta yi, Sawaba ta yi, waɗanda suka zo bayan 1991 duk sun yi. Jawabin ɗan boko ba ya shiga bayan darni, waƙa ce ke shiga. Mace na daka tana rera sunan mutumin da ba ta taɓa gani ba, ranar zaɓe ta je ta jefa masa. Da an ci sai a ba zabiya turmin atamfa mai hoton shugaba, a ce sai wani jiƙon. Wanda ya faɗi kuwa, shi ya tsallake iyaka ko ya shirya da masu mulki, ita ce za ta zauna cikin gari da sunan 'yar adawa.

Zamanin Diori gidan rediyo ya ɗauki muryoyin su Hawa Zalai da Buli Kakasi, zabiyoyin Zabarmawa, ƙasa duka ta san su. Su dai an faɗi sunansu. Zamanin Kunce, daga 1976, aka riƙa yin gasar samariya ta ƙasa, daga gari zuwa jiha har zuwa babban taro. 'Yan mata nawa na ƙasar nan suka tsaya gaba suka ba da waƙa, aka tafa, aka ɗauki murya, rediyo ya yi ta sawa shekara da shekaru? Mai gabatarwa sau da yawa sai ya ce waƙar samariyar gari kaza ce, shi ke nan. Waɗansunsu suna nan da rai, sun tsufa, suna sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwanninku, muryarsu ta ƙuruciya na fitowa daga rediyon mai shayi, ba wanda ya san su ne. Ku tambaya a garuruwanku, za ku same su.

Ko Hamsu Garba, 'yar Maraɗi, da ta yi suna har ta kafa ƙungiyarta ta Annashuwa, ta ga irin wannan. Ta yi wa ƙasa waƙa, ta yi wa 'yan siyasa. A 2016, lokacin zaɓe, aka kulle ta 'yan kwanaki a Yamai saboda ɓangaren da ta bi. Ta rasu a watan Disamba na 2022, sa'an nan kowa ya fito da yabo. In haka ta samu wadda duniya ta sani, ina ga tsohuwar da ta zo cikin amalanke?

MASU CEWA HARAMUN NE

Na san abin da waɗansu za su ce, domin an faɗa mani a ƙofar masallaci. Za su ce, Mushe, ai gara ma da aka bar su baya, muryar mace al'aura ce, da ma ba su zo ba.

Ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi wa malamai rashin kunya ba. Waɗansu daga cikinsu da gaskiya suke magana, abin da suke gani a filin wasa da tsakar dare ni ma na gan shi, bai yi mani daɗi ba. Akwai shaye-shaye, akwai cuɗanya marar kyau, akwai waƙoƙin batsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi faɗa da irin wannan. Amma ina tambaya da ladabi: wa ya kai matan nan tsakar dare? Su da hantsi suka zo. Kwamiti ne ya ajiye su har ƙarfe ɗaya, ya jefa su gaban mashaya, sa'an nan gari ya waye ana cewa ku dubi irin matan da ke waƙa cikin dare. An tura mutum rijiya ana yi masa faɗa don ya jiƙe.

Kuma na ji malamai da kansu suna karanta hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata masu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Nan kusa da mu kuma, a Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini da rerawa, abin da ake kira 'yan taru. Da muryar wa aka rera su? Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, wannan fagensu ne, na bar masu. Abin da ban taɓa ji wani malami ya halatta ba shi ne a sa mutum aiki a hana shi ladansa. Kuma abin mamaki, ban ji an ce gitar 'yan Yamai haramun ce ranar da ake ƙirga masu jika 300 ba. Haramcin bai tashi ba sai da aka zo kan ƙwarya.

Akwai wata kalma kuma da ake jifar zabiya da ita, kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Duk macen da ta ɗaga murya a fili sai a liƙa mata ita, ko da aurenta, ko da jikokinta. Kada ku ɗauka kalma ce kawai. A watan Nuwamba na 2000, da aka yi bore a kan bukin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, a Maraɗi fushin bai sauka kan masu shirya buki ba, suna can nesa da masu gadinsu. Ya sauka kan matan gari marasa gata, aka fasa masu ɗakuna, aka ƙone kaya. Haka abin yake kullum: in damina ta yi gardama, ko hatsi ya yi tsada, sai a waiwayi mace mai waƙa da mace marar miji. Ba a taɓa korar mai ɓoye hatsi daga gari don a samu ruwan sama ba.

Na fi jin haushin namu 'yan boko a kan na masallaci. Mai wa'azi ko ba komi ya faɗi abin da ya yi imani da shi a fili. Ɗan boko kuwa shi ne zai tsaya ranar 13 ga Mayu, ranar tunawa da matan da suka yi maci a Yamai a 1991 don a ba su kujera a shirin taron ƙasa, ya yi jawabi da Faransanci a kan 'yancin mata har gumi ya keto masa. Gobe ka sa shi kwamitin wasa, shi ne zai ce kiɗan ƙwarya ƙauyanci ne, a bar shi ƙarshe kada baƙi su raina mu. Shi kunyar uwarsa yake ji. A Funtuwa da ƙwaryar nan Barmani Coge ta yi amada har ta rasu a 2013, jami'o'i suna rubuta littattafai a kanta, manyan mata na rububin gayyatarta. Mu nan muna ɓoye tamu bayan injin wuta.

ABIN DA KE ƘAREWA

Wani zai ce, Mushe, duk wannan hayaniya a kan waƙa? Ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, ga lakwal babu tebur. Gaskiya ne, ni ma a ƙasa yarana ke zama. Amma ku saurara.

Waƙar mata ba a fili aka haife ta ba, a wurin aiki aka haife ta. Waƙar niƙa tana tare da dutsen niƙa. Injin niƙa ya zo, alhamdu lillahi, bayan iyayenmu ya huta, ba mai son a koma. Amma da dutsen ya tafi waƙar ta bi shi. Waƙar daɓe tana tare da daɓen ɗakin amarya, siminti ya zo ya kashe ta. Lugude ya ragu. Shantu, yara na yanzu ko ganinsa ba su yi ba. Gaɗa a dandali da farin wata, wayar hannu da tsoron dare sun cinye ta. A wurin buki ma, inda zabiya ke samun abin sawa a baka, yanzu yaro ne ke zuwa da akwatin kiɗa ya sa waƙoƙin fim na Kano, kuɗinsa bai kai nata ba. Watau wuraren da waƙar nan ke rayuwa duk sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Filin wasan gari shi ne ɗaki na ƙarshe da ya rage mata. In a can ma an ce sai ƙarfe ɗaya na dare, to ina yarinya za ta ji ta, balle ta koya?

Na gwada a ajina. Na tambayi 'yan mata wa ta iya waƙar niƙa ko guda. Ba ko ɗaya. Wata ta ce kakarta ta iya amma ta ce kada ta yi a waje, za a yi mata dariya. Waƙoƙin Indiya kuwa da ba su san ma'anarsu ba, har da rausaya. Ban ga laifinsu ba. Yaro abin da ya ga ana girmamawa shi yake koyo, kuma sun ga wanda aka ba kujera da wanda aka ba hayaƙi.

A 2025 aka rubuta cikin babbar dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma ina rumbun Hausar yake? Ba ya cikin kaina, ni da rabin maganata Faransanci ne in na yi sakaci. Kalmomin da na ji a bakin tsohuwar nan cikin duhu, na sunan ciyayi da iskoki da kayan ɗaki da irin hatsin da aka daina shukawa, babu su cikin littafin da nake koyarwa da shi. Ranar da aka kai ta makwanci, da su za a rufe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinku ba, ba sai an jira Yamai ba. Babu garin kasuwa da ake kafa kwamitin wasa ba tare da ɗaya daga cikinku a ciki ba. Wanda duk aka sa, kada ya yarda a zauna taron farko sai da mace a ciki, kuma ba matar wani babba da za a kawo don ado ba, macen da ta san kiɗa, wadda zabiyoyi suka zaɓa da kansu. In tana nan sauran abubuwa za su zo da sauƙi, domin ita ba za ta manta da ruwan sha ba.

Lokacin mata ya zama tsakanin la'asar da magariba, rana na gani, manya na zaune, matan gari da 'yan mata na nan. Wannan kaɗai ya rufe bakin masu zargi rabi, ya kuma sa su koma gida kafin hanya ta yi duhu. Maganar kuɗi a yanke ta kafin su hau amalanke, a gaban shaidu, kuɗin hanya dabam, ladan waƙa dabam. Ban ce a hana baƙi nasu ba, baƙo ruwa ne. Amma in akwai jika 300 na baƙo, ƙarya ne a ce jika 10 kaɗai ya rage na 'yan gida. Liƙi kuma ɗaya daga cikinsu ta tsince shi, ba yaran kowa ba.

Sai suna. A rubuta sunan kowace, da na garinta, da na wadda ta koya mata, mai shela ya faɗa da ƙarfi kamar yadda yake faɗin na 'yan kokawa. Samari masu ɗaukar murya da waya suna watsawa, ku ce masu su nemi izini tukuna, su kuma sa sunan mai waƙa. Akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa a Yamai, amma ba ya iya kare wadda ba a san sunanta ba. Ku 'yan'uwana mushe-mushe, kowannenmu yana da littafin rubutu da ya rage. Ranar da babu lakwal a je a zauna gaban tsofaffin nan, a gaishe su, a kai goro, a rubuta. In maigidan wata ya hana, a bi shi da lalama, a je da dattijo, ba da jawabi ba.

Ni na fara biyan bashina. Ranar kasuwar da ta wuce na ari keke na je ƙauyen, na iske Inna tana sussukar hatsi. Na rubuta sunanta da na ƙungiyarta duka 11, da na gwaggonta da ta koya mata. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta gyara mani guda. Ta ce in dawo bayan sallah da littafi mai kauri, wannan ba zai isa ba.

A karanta takardar nan a taron kowane reshe, a kuma karanta wa mata, kada a bar ta cikin aljihun sakatare. Reshen da ya san za a yi wasa a garinsu ya aiko mani da rana ta hannun mai kawo jarida, zan zo da littafina in zauna a bakin rumfa.

Naku,
wani mushen lakwal, ƙasar Arewa.